Ƙarfen da ke jan fim a cikin kyamara mai wani: me za mu kira shi?

Jama'a, ina neman kalma. Jiya na buɗe cikin wata tsohuwar Bolex H16, irin wadda kamfanin Paillard na ƙasar Suwizalan ya fara ƙerawa a 1935. Ba ta da batir. Sifirin ne a ciki, ana murza hannu kamar na garmaho, wani ɗaya ya ba ka wajen daƙiƙa 28 na ɗauka. Sunan wannan bai ba ni wahala ba: tunda muna cewa agogo mai wani, ita ma kyamara mai wani ce.

Inda na cije shi ne wani ɗan siririn ƙarfe da Turawa ke kira claw. Fim ba ya tafiya santal kamar kaset. Dole ya tsaya cak a bayan gilashi haske ya same shi, sannan a rufe ƙofar haske, ɗan ƙarfen nan ya zura kai cikin hujin gefen fim, ya jawo shi ƙasa gwargwadon hoto ɗaya, ya zare, ya koma sama. A kyamarorin gida na milimita 8 da Kodak ya fitar a 1932, sau 16 yake yin haka duk daƙiƙa. Ƙarar tar-tar-tar ɗin da ake ji, galibi tasa ce.

Wani ya ce mu fassara kai tsaye, farce ko akaifa. Ban yarda ba. Farce yagewa yake yi, shi kuwa wannan ranar da ya yaga fim, ranar ya lalace.

Wani tela ya kawo haƙori, ya ce haka haƙoran keken ɗinki ke tura yadi taki-taki a ƙarƙashin allura. Malam, ka yi kusa ƙwarai, don an daɗe ana cewa daga keken ɗinki Louis Lumière na Faransa ya samo dabarar a kyamarar da suka fitar shi da ɗan'uwansa a 1895. Matsalar ita ce akwai wani gargare mai haƙora a cikin kyamarar, wanda ke zaro fim daga naɗinsa ba tsayawa. Shi ya fi cancantar sunan, kada mu haɗa su rigima.

An kuma ce majayi. Ginin kalmar daidai ne, kamar mabuɗi da madubi, amma na faɗa wa mutum biyu, dukansu majanyin goyo suka ji.

Ni dai na tsaya a kan ƙugiya. Bakinta a lanƙwashe yake, huji take shiga, ja take yi. An yi mini gyara cewa ƙugiyar masunta in ta kama ba ta saki. Gaskiya ne, amma ƙugiyar da ake ciro guga da ita daga rijiya ai tana saki. Na gwada a gaban mai gyaran agogon unguwarmu, na ce ƙugiyar fim ba ta kama huji. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauki ɗan hantsakinsa ya kai hannu daidai wurin.