Admiral Cunningham: me ya bambanta Matapan da Kirit?

Ɗan Gwandu: Assalamu alaikum. Masana tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, a taimaka. Andrew Cunningham, kwamandan rundunar ruwan Birtaniya a Bahar Rum daga 1939, ya murƙushe rundunar ruwan Italiya a Matapan, a tekun kudancin Girka, a Maris 1941, amma bayan wata biyu ya sha kashi a tsibirin Kirit. Mutum ɗaya, rundunar ɗaya. Me ya canja?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. A Matapan ya san Italiyawa za su fito, domin an fasa saƙonninsu na sirri a Bletchley Park, cibiyar fasa saƙonnin sirri ta Birtaniya. Jiragen sama daga Formidable, jirgin ruwan Birtaniya mai ɗaukar jiragen sama, suka harbi Pola, jirgin ruwan yaƙin Italiya, har ta tsaya cak. Italiyawa suka juyo da jiragen ruwansu Zara da Fiume su cece ta cikin dare, ba su da rada (na'urar hango jirage daga nesa), ba su shirya faɗan duhu ba. Valiant, babban jirgin yaƙin Birtaniya, tana da rada. Ita da 'yan uwanta Warspite da Barham suka matso ƙasa da kilomita 4, aka haska fitilu, aka buɗe wuta. Matsakaitan jiragen Italiya 3 da ƙanana 2 suka nutse, mutum sama da 2,300 suka mutu.

Hajiya Turai: Malam, ƙara da Taranto, tashar jiragen ruwan yaƙin Italiya, daren 11 ga Nuwamba 1940. Jiragen sama samfurin Swordfish 21 kacal daga Illustrious, wani jirgin Birtaniya mai ɗaukar jiragen sama, a rukuni biyu, suka nakasa manyan jiragen yaƙi 3 a cikin tasharsu. Swordfish biyu ne ba su dawo ba. Ragar da Italiyawa ke kare jiragensu da ita a cikin ruwa ba ta kammalu ba, ga shi kuma Birtaniya ta gyara makamanta masu tafiya ƙarƙashin ruwa don ruwa marar zurfi.

Malam Sabo: Haka ne, Hajiya. To a Kirit Jamusawa ne ke riƙe da sama, daga filayen jirgi na Girka. Jirgin ruwa da rana, babu rakiyar sama, harsashi kawai yake ƙonawa. Jiragen ruwan Birtaniya Gloucester da Fiji sai da harsashin kakkaɓo jirage ya kusa ƙare musu, aka nutsar da su ranar 22 ga Mayu. Jimilla matsakaitan jiragen Birtaniya 3 da ƙanana 6 suka tafi, Formidable ma ta ji rauni.

Duk da haka ya ƙi janyewa, ya ci gaba da kwashe sojoji da dare zuwa Iskandariyya, kusan 16,500. A ganina wannan ya fi Matapan nuna ko wane ne shi. A Oktoba 1943 ya gaji Dudley Pound a matsayin shugaban sojojin ruwan Birtaniya baki ɗaya.