Mota mai ja gefe idan an taka totur: abin da aka tattauna

'Yan uwa, ga abin da na tsinto daga maganar motar ɗan uwanmu na Agege, wadda ke fizgar sitiyari zuwa dama da zarar ya ba ta wuta a gadar Third Mainland.

1. Kusan kowa ya ce a fara da taya. A auna iska wajen fakanaiza, a musanya tayoyin gaba. In jan ya koma hagu, taya ce.

2. In tana ja ne kawai lokacin taka totur, ta miƙe in an ɗaga ƙafa, bakanikai sun fi zargin bushin ƙasa, wato robobin da ke haɗa ƙarafan ƙafar mota da jikinta, da ramukan Legas suka cinye, ko robar da inji ke zaune a kai. Wani ya ƙara da cewa mota mai jan gaba, wato wadda inji ke juya tayoyinta na gaba, takan ɗan yi haka, tunda shaf ɗinta biyu, sandunan da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin, ba tsayinsu ɗaya ba.

3. Birki mai kamawa kullum yake ja, kuma rim yakan yi zafi.

An rabu kan alaimen, wato daidaita saitin tayoyi. Wasu sun ce a fara da shi. Masu gyara suka ce asarar kuɗi ce in bushi ya mutu. Ni ina bayan masu gyara.

Kayan gyara na kasuwar Ladipo kuwa, tokumbo ko sabo, har yanzu ana musu.