Filayen gwamnati da suka zama kango a Kano, a sayar ko a bar su?

Ɗan Yakasai:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gareni kuma ba siyasa ce ta kawo ni ba. Duk mai yawo a garin nan ya san akwai tsofaffin ofisoshi da kwatas na gwamnati da suka zama kango, rufi ya zube ciyawa ta cinye, da daddare 'yan shaye-shaye ne ke kwana a ciki. Toh meye laifi in an sayar aka ɗebi kuɗin aka shigo cikin birni aka yi mana kwalbati da magudanan ruwa aka buɗe lunguna? Akwai lungun da ko Adaidaita ba ta shiga, in gobara ta tashi sai dai bokiti. Amma da ka ce a sayar sai a taso maka kamar ka yi saɓo.

Baban Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ba haka kawai ake tasowa ba, an sha mu mun warke ne. Ai zamanin Ganduje an gwada, Daula Otal, gefen filin Idi na Ƙofar Mata, sansanin alhazai, ginin jaridar Triumph nan Fagge da aka mayar wajen 'yan canji, har jikin badala ta titin BUK an yanka. Toh me ya fi tashi a wuraren? Shaguna, shaguna, shaguna. Abba na hawa a 2023 ko sati bai cika ba katafila ta fito, aka fara da filin sukuwa aka bi Daula da filin Idi, masu shagunan Idi suka kai ƙara kotun tarayya ta ce a biya su biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ka lissafa mana, an sayar, an gina, an rushe, an biya diyya da kuɗin jama'a, lungun naku kuma yana nan yadda kakanka ya bar shi.

Maman Ikram:
Ni tambayata waye ma yake yanke cewa wuri ba shi da amfani? Filin Idi sau biyu ake cika shi a shekara, shikenan sai a ce zaman banza yake? Filin makaranta da yara ke ƙwallo fa? Haka aka dinga cike kududdufai ana gini a kai wai ƙazanta ne, yanzu da damina ruwan bai da wajen zuwa sai ɗakunanmu. Kango na yarda, amma fili buɗaɗɗe a tsakiyar Kano in ya tafi wlh ya tafi kenan.

Injiniya_Gwale:
Hajiya kin taɓo wajen. Sannan ku sani a dokar filaye ta 1978 ƙasar birni amana ce a hannun gwamna, wanda ya "saya" takardar mallaka ta shekara 99 kawai ya riƙe, kuma gwamna na iya soke ta in ya ce don amfanin jama'a ne. Shi ya sa cinikin da aka ƙulla a ɗaki baya ƙarko, gwamnati na canzawa sai jan fenti. In da gaske ake a buga sunayen wuraren a jarida, a faɗa a rediyo, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta fito da abin da za a gina da wajen fakin, a yi gwanjo kowa na gani, majalisa ta sa hannu, kuɗin kuma a ware musu asusu da sunan unguwar da za a gyara. Ni ma dai haya ta shekara 25 ko 30 ta fi min sayarwa.

Ɗan Yakasai:
Injiniya na gamsu da maganar asusun. Amma buɗe lungu sai an taɓa gidajen gado, gida ɗaya magada talatin, wa zai yarda a mayar da shi rukunin gidajen Bandirawo ko Amana can bayan gari shi da ke sana'a a kasuwar Kurmi?

Baban Fagge:
Kai fara tambayar baffanka ko zai ba da zaurensa a yi titi, ka dawo ka faɗa mana amsar da ka samu.