Ɗana ɗan aji huɗu ya kasa gane lissafi, wace hanya zan bi?

Wata uwa daga Kano:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyaye game da ɗana mai shekara 9, wanda yake aji huɗu a firamare. Karatu da rubutu ba laifi, amma lissafi ya zame masa ƙarfen ƙafa, har ta kai duk ranar da aka ba su aikin gida sai ya ce kansa yana ciwo. Mun ɗaukar masa malamin lesin, sai dai na lura aikin gidan kawai yake warware masa, shi kuma yana kwafa, sakamakon zangon da ya wuce kuma bai canza ba. Daga boko Islamiyya yake wucewa, ba ya dawowa sai dab da magariba. Shin in canza malami ne, ko in ƙara kwanakin lesin?

Malamin firamare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki ƙara ko sisi a kuɗin lesin, ki fara gano inda karatun yaron ya tsaya, domin lissafi hawa-hawa ne, wanda bai riƙe na aji biyu ba ba zai ɗauki na aji huɗu ba ko da kullum ake maimaita masa. Ki rubuta masa 52, ki ce ya ɗebe 17. Idan ya rubuta 45 maimakon 35, to ƙaramar lamba yake cirewa daga babba a kowane layi, wato bai gane aro ba, bai kuma gane cewa 5 ɗin nan hamsin take wakilta ba. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a ajina, kuma ba alamar daƙiƙanci ba ce.

Maganinsa tsinken tsintsiya ne ko na ashana. A ɗaure su goma-goma, a ba shi ɗauri biyar da tsinke biyu, a ce ya miƙo goma sha bakwai. Da kansa zai ga cewa biyu ba za su isa ba sai ya kwance ɗauri ɗaya, kuma kwancewar nan ita ce aron da ake ta faɗa masa a allo bai fahimta ba. Minti ashirin a rana sun wadatar. Jadawalin sau ya dakata tukuna har sai tarawa da ɗebewa sun zauna, don haddar da ba ta da tushe ba ta kai shi ga rabawa.

Wani uba daga Zariya:
Ina goyon bayan Malam, amma Hajiya ki duba abubuwa biyu da ba lissafi ba ne. Ki tambaye shi ko yana ganin allo daga inda yake zaune, domin 'yata ta daɗe tana kwafo lambobi ba daidai ba kafin a gwada idonta a ba ta tabarau. Sannan ki karanta masa tambayar labari da Hausa, ki ga ko zai amsa. Yara da yawa sun iya lissafin canji idan an aike su kanti, Turancin tambayar ne yake kayar da su. Ƙara lesin bayan magariba ga yaron da ya wuni a makarantu biyu kuwa ban ga amfaninsa ba. Safiyar Asabar da Lahadi ta fi, idan Islamiyyar ba ta ci lokacin ba.

Malama mai horar da malamai:
Abin da Malam ya kwatanta tsari ne sananne da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, inda ake gwada yaro a koyar da shi daidai matakinsa ba daidai ajinsa ba. An gwada shi a Kano ƙarƙashin shirin inganta karatu da lissafi mai suna KaLMA, a makarantun Wudil da Dawakin Tofa. Ban ce ki sallami malamin lesin nan take ba, 'yar'uwa, don mai yiwuwa aikin gida ya ɗauka kuka kira shi ya yi. Ki zauna da shi ki ce ya koma da yaron baya, ya nuna miki ci gaba duk bayan mako biyu. In ya ƙi, ki nemi wanda ya karanci koyar da firamare, kamar masu takardar shaidar malanta ta NCE daga Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, ki kuma sanar da malamin ajinsa don kada a riƙa dukansa a kan abin da ake kan gyarawa.

Wata uwa daga Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Na gwada shi jiya, 45 ɗin ya rubuta. Malam, idan ya iya da tsinken, yaushe zan mayar da shi kan takarda?

Malamin firamare:
Tun ranar farko a haɗa su, Hajiya. Duk ɗaurin da ya kwance ya rubuta abin da ya faru a littafinsa, sai ranar da ya daina miƙa hannu ga tsinken da kansa a ajiye su.