Gajerun finafinai kan sana'o'in mata: ta ina mai son ba da umarni za ta faro?

'YarGwandu: Assalamu alaikum. Ina Birnin Kebbi, ina son shiga harkar ba da umarni, amma ba fim ɗin soyayya ba. Bidiyo nake so na minti 5 zuwa 7 wanda mata za su faɗi labarin sana'arsu da bakinsu, in fara da masu turara shinkafa a Argungu. Waya kawai gare ni. Me zan fara saya, yaya ake tsara ɗauka, kuma ana cin abinci da wannan aiki kuwa?

MaiSauti: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin kyamara, sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa da abin kunne. Mutane na haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma ba sa zama kan muryar da ba ta fita. Ki maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, ta wajen hijabi, ba a ciki ba, don in ƙyalle na gogarsa ƙarar ba ta gyaruwa wajen tacewa. Da hunturu ki sa masa soson tare iska. Injin casa ko janareta in yana aiki kusa, a jira ya tsaya ko a canza wuri. Ki rufe layin waya kafin ki fara, kira ɗaya na iya yanke ɗauka. In an gama hira kowa ya yi shiru ki naɗi sautin wurin na daƙiƙa 30, da shi ake cike gurbin da aka yanke.

Wayar ki sa ta a ingancin hoto na 1080p, in tana bari a hoto 25 cikin daƙiƙa, saboda wutar lantarkinmu mai bugu 50 ce cikin daƙiƙa, a 30 wani ƙwan lantarki yakan riƙa ƙyaftawa a hoto.

AntiMaiShiri: 'Yata, kayan aiki shi ne mai sauƙin. Zuwan farko kada ki ɗauki komai. Ki bi ta hannun shugabar ƙungiyarsu, a gaishe da mai unguwa, matar aure kuma a nemi yardar maigidanta. Amma yardarsa ba ta wadatar, tata ce gaba. Ki faɗa mata ƙarara: wannan zai hau Facebook da TikTok, dangin miji da kishiya da mutanen gari za su gani, kuma abin da ya shiga waya ba ya dawowa. In ta amince, ki naɗi amincewar da muryarta, tunda ba kowa ke karanta takarda ba. Yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba sai da iyayenta.

Masu aikinki su zama mata, ku biyu ko uku. Gidan da aka rubuta ba shiga namiji ba zai wuce zaure ba, in ma an fito da matar zaure, amsar kunya kawai za ki samu.

Sai tambaya, a nan yawancin sababbi ke faɗuwa. Kada ki ce "Inna, kina shan wahala ko?" Za ta ce e, shi ke nan, kuma ke kika sa mata magana a baki. Ki ce "Inna, daga jiƙa shinkafa zuwa shanya, yaya ake yi?" ko "buhu ɗaya itacen nawa yake ci, me ke saura bayan an biya mai inji?" Mace in ana maganar abin da ta fi ki sani, bakinta buɗewa yake. Tana magana ki gyaɗa kai kawai, "na'am, na'am" ɗinki zai hau kan muryarta. In ta yi shiru kada ki yi gaggawar cikewa, sau da yawa maganar gaske bayan shirun take fitowa. Kuma ki bar ta da Kabancinta, kada ki ce ta gyara zuwa Hausar rediyo.

Ɗan Yauri: Anti ta gama magana. Ƙari kan hoto: a zaunar da ita tana fuskantar ƙofa, in hasken na bayanta fuskar baƙi za ta yi. Ɗauka da safe kafin 10 ko bayan la'asar. Da rana tsaka inuwa na rufe idon wadda ake ɗauka, waya kuma ta yi zafi ta tsaya. Wayar na kan sanda mai ƙafa uku daidai idonta, ba daga sama ba. Bayan hira ki ɗauki hannu, tukunya, tururi, shanya a tabarma, kowanne aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi. Manhajar CapCut ta isa tacewa a waya. Ni dai ina ganin a sa mai sharhi ya haɗa labarin.

AntiMaiShiri: Malam, a nan mun saɓa. Da an sa mai sharhi matar ta koma ado, wani ke faɗin rayuwarta. Rubutu layi ɗaya a fuskar bidiyo ya isa faɗin gari da sana'a. In an tace, ita za a fara nuna wa, abin da ta ce a cire a cire.

Bagusaiya: Batun cin abinci: ana ci, amma sai kina da abin nunawa. Ki kammala guda 3 masu kyau tukuna. Aikin kuɗi yawanci daga ƙungiyoyin raya karkara, gidajen talabijin da masu sana'a da ke son talla yake zuwa. A rubuta yarjejeniya: rabin kuɗi kafin ɗauka, gyara sau nawa, kuma ɗanyen hoton na waye, don kada a ɗauki fuskar baiwar Allah a yi wani talla da ba ta sani ba. Mai son karatun abin akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos.

In aiki ya kawo ki Zamfara wajen matan da rashin tsaro ya raba da gidajensu, ki kashe alamar wuri a wayarki, kada sunan ƙauye ko allon makaranta ya fito. Dusashe fuska ba ya ɓoye murya, 'yan garinsu za su gane ta, don haka wadda ke tsoro a canza muryar ma wajen tacewa. Kuma duk abin da kika ɗauka ki kwafe shi wuri biyu a daren ranar, kafin ki goge komai a waya.