Rubuta Waƙar Aure da Bege: Abin da Marubuta Suka Ba da Shawara

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa da marubuta suka yi kan rubuta waƙar aure da bege shi ne kada a buɗe waƙa da kalmar "so". A fara da abin da ido ke gani: rigar miji rataye a bayan ƙofa wata uku, ko uwa tana gyara wa yaro mayafi cikin dare. Mai karatu zai ji kewar da kansa, ba sai an faɗa masa ba.

Ta fuskar tsari, ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango (layi) biyu, ta fi dacewa da zance tsakanin mata da miji, kowa da ɗangonsa. A ƙwar biyar kuwa, ɗango huɗu na farko su ɗauki ƙaramin amsa-amo (sautin ƙarshen ɗango da ke maimaituwa cikin baiti ɗaya), na biyar ya riƙe babban amsa-amon waƙar, wanda kowane baiti ke ƙarewa da shi. Inda aka fi tuntuɓe shi ne cusa kalma don amsa-amo kawai, sai ma'ana ta karkace, kari, wato ma'aunin waƙa, ya karye. Maganinsa a rera baitin da murya, a ƙirga gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi.

Sha'awa a sakaya ta da kamance, don fayyacewa na rage mata armashi. In waƙar ta taɓa sirrin gida, a nuna wa abokin zama kafin a fitar da ita.