Neman shawara: yarinya ta ɗaure ni da tambaya kan haihuwar Yesu

Salama 'yan uwa. Ni ke koyar da yara a makarantar Lahadi a wani ƙauye ta wajen Sumaila, yanzu da aka gama yankan dawa muna ta shirin wasan Kirsimeti. Toh yarinyar da za ta fito a Maryamu, 'yar aji biyar, ita ce ta tsare ni wai ƙawarta Musulma ta ce su ma sun yarda an haifi Annabi Isa ba uba, amma ta yaya Allah zai shiga cikin mace har a goya shi, waye ke riƙe da duniya a lokacin? Na ce mata asirin Allah ne, ta yi shiru amma daga gani ba ta gamsu ba. Dan Allah me zan ce mata, ko in hana ta irin wannan hirar ne? Rijiya ɗaya muke ɗiban ruwa da iyayen ƙawar, bana son abu ya zama rigima.

Wani fasto mai ritaya:
'Yata kar ki hana ta. Ki raba mata abu biyu da ƙawar ta haɗa. Haihuwar budurwa na Matiyu 1 da Luka 1, inda Jibra'ilu ya je Nazarat ya ce wa Maryamu Ruhu Mai Tsarki zai sauko mata, wannan ba mu da saɓani da maƙwabtanmu. Inda muka rabu shi ne Yahaya 1:14, Kalman, wato Yesu, ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ba rashin uba ne ya mai da shi Ɗan Allah ba, mun gaskata yana nan tun kafin a halicci Maryamun kanta, kuma da ya ɗauki jiki bai ajiye Allahntakarsa ba balle a ce duniya ta rasa mai riƙe ta. Maganar aure ko kwana da mace kuwa babu ita sam, ki faɗa mata wannan ƙarara.

Wani ɗan uwa daga Roni:
Malama ni Musulmi ne. Yarinyar ta faɗi daidai, labarin na cikin Suratu Maryam, kuma a Ali Imrana aya ta 59 an kwatanta Annabi Isa da Annabi Adamu. A wajenmu manzo ne, Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba. Kowa ya koya wa ɗansa nasa, ba sai an zagi na wani ba.

Ɗalibin makarantar Baibul:
Anti wannan gardamar ai tsohuwa ce, a kanta shugabannin coci suka yi taro a garin Nikiya a shekara ta 325 saboda wani malamin coci, Ariyus, ya ce Ɗan Allah halitta ne, sannan a taron garin Kalsidon a shekara ta 451 aka tsayar cewa Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah cikakken mutum, ba gauraye ba rarrabuwa.

Uwar zumunta:
Kai yaro, 'yar firamare zaka karanta wa Kalsidon? Ni dai nakan ce musu sarki ne ya sa rigar manomi ya shiga gona, sarautarsa na nan.

Fasto mai ritaya:
Mama misalin ya yi rabin hanya, amma riga ana tuɓe ta, yaro zai ɗauka shigar burtu Yesu ya yi. Ya ji yunwa da gaske, ya yi barci a jirgi, ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. Ki ƙara musu wannan.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode kowa, ran Lahadi zan zauna da ita. Saura kuma mai fitowa a Yusufu mijin Maryamu, shi ma jiya yake ce min in ba shi ne uban ba me ya sa Matiyu ya jero asalin Yesu ta wajensa tun daga Ibrahim?